Tsaga Uku a Gefen Idon Dinah

Sabo Ringim ɗan wanzamai ne, amma sai da ya shekara goma sha tara a Amurka kafin gadon gidansu ya jawo masa magana. Mahaifinsa wanzami ne, kakansa ma haka, ƙanin mahaifinsa Baffa Tanko kuwa har gobe shi ne Sarkin Askan unguwarsu. Sabo ya iya wasa aska tun kafin ya iya haɗa baƙi, ya iya ƙaho, ya ga an yi wa jarirai tsaga ba adadi, daga nan ya sulale ya shiga makarantar koyon aikin jinya a Kano. 'Yan gida suka yi ta yi masa tsiya, wai ya guje wa aska ya kama almakashi, alhali duk jinin ɗaya ne. Ya yi shekara takwas yana wanke miki a wani asibiti, sai bizar ƙuri'a ta faɗo kansa. Ya kwaso matarsa Lami da 'yarsu Afnan suka sauka a Beltsville, cikin jihar Maryland.

A nan ma miki bai rabu da shi ba. Ya sake karatu, ya ci jarrabawar da ake ci, ya zama nas mai bin marasa lafiya gida gida yana yi musu wankin ciwo. Hannunsa na da sauƙi, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Tsofaffin da ke korar ma'aikata da sanda su ne ke tambayar ranar da Sabo zai dawo. Aibinsa ɗaya ne, kuma duk Bahaushen da ke zaune tsakanin Beltsville da Annandale ya san shi: bakinsa ya fi tunaninsa sauri. Ba maƙaryaci ba ne. Mutum ne da ba ya iya ganin fuska a murtuke ya bar ta haka, sai ya nemo abin da zai faɗa ta sake, ko da kuwa sai ya ƙara gishiri. Lami takan ce in Baban Afnan ya gaya maka ana ruwa, to akwai hadari dai, amma ka leƙa taga kafin ka ɗauki lema.

Ranakun Talata da Juma'a yakan yi kudu, tafiyar awa ɗaya da rabi, zuwa wata gunduma ta ƙauye inda gonakin masara suka maye gurbin na taba, tsofaffin rumbunan shanya ganyen kuma suna tsaye a karkace ba mai kula su. Can ƙarshen wata hanyar tsakuwa gidan Mis Becky Toyer yake. Tsohuwa ce baƙar fata 'yar shekara tamanin da huɗu, ciwon suga ya buɗe mata gyambo a dunduniya, wata bakwai ya ƙi rufewa. Ta yi shekara talatin da ɗaya tana buga keken rubutu a wani ofishin gwamnati a Washington, da ta yi ritaya ta dawo kan ɗan filin da ta gada. Mace ce mai kaifin harshe, ba ta cin abincin da likita ya ce, kuma ba ta ɓoye kek ɗinta in ta ji motar Sabo. Shi kuwa yana matuƙar son ta, don tana tuna masa da gwaggonninsa.

Ita ce mai riƙe da tarihin danginsu. Kowane watan Agusta zuri'ar Toyer kan taru a harabar cocinsu, wasu daga Baltimore, wasu daga nesa, a ci a sha, ita kuma ta tashi ta ba da labarin kakanni. Tana da wani kwali cike da kwafin takardun da ta shekara arba'in tana tonowa a ɗakin ajiyar kotun gundumar. Wata Talata a farkon Yuni, Sabo na durƙushe yana kwance bandeji, ta jawo ɗaya daga ciki ta ce bari ta karanta masa mafi tsufa.

Takardar 'yanci ce ta kakarta ta shida, wata baiwa mai suna Dinah. Ubangidanta ya 'yanta ta a cikin wasiyyarsa, amma 'ya'yanta uku aka ɗaure su da wa'adi, kowanne sai ya yi wa magada aiki har ya cika shekara talatin kafin a sake shi. Dinah ta zauna a bakin gonar tana wankau, tana jira, har ta karɓi na ƙarshensu. Ita takardar, akawun kotu ne ya rubuta ta a shekarar 1808, don mai 'yanci ya riƙa yawo da ita, kada wani ya kama shi ya sake sayarwa. Saboda haka ake siffanta mutum ciki dalla-dalla. Mis Becky ta gyara tabarau ta karanta: mace baƙa, mai kimanin shekara hamsin da shida, tsawonta ƙafa biyar da inci biyu, haifaffiyar Afirka, tana da ƙananan tabo uku a jere a gefen idon dama, da wasu uku daidai da su a gefen idon hagu.

Ta ajiye takardar a cinya. "Kakata ta ce ubangidan ne ya yanke ta da wuƙa, don in ta gudu a gane ta. Ka ga duk abin da na sani na fuskarta ke nan, ɗana. Aikin wuƙar wani mugu. Duk shekara in na zo wannan layin sai in tsallake shi."

Sabo ya dakata da auduga a hannu. Ya ce ta sake karanta masa wurin. Ta sake. Ƙanana, uku a jere, dama da hagu daidai wa daida. Sai ga fuskar kakarsa Iya Delu ta faɗo masa, tana zaune a ƙofar ɗaki tana kaɗi, da 'yan layukan nan uku a gefen kowane ido.

"Mis Becky, wannan ba aikin mugu ba ne," in ji shi. "Ni ɗan masu aska ne, kuma shekarata kusan talatin ina kallon tabo. Mai fushi ba ya awo. Wannan tsaga ce, irin wadda ake yi wa jarirai a ƙasarmu. Kakata ma irinta gare ta sak."

Da ya tsaya a nan da an zauna lafiya. Amma ya ga idon tsohuwar ya kawo ruwa, bakin nan nasa kuwa ba ya jure ganin haka. Ya yi dariya ya ce, "Ashe ma 'yar gida ce. Ke ai 'yar Ringim ce, garinmu, shi ya sa kike da taurin kai." A wurin Bahaushe wannan magana ce ta yau da kullum. Ka haɗu da baƙo, ka ga yana kama da wani naka, ka ce ai ɗan gidanmu ne, a yi dariya a wuce. Mis Becky ba ta yi dariya ba. Ta miƙo masa biro da bayan ambulan ta ce ya rubuta mata sunan garin da manyan baƙaƙe.

Ranar Juma'a da ya koma, ya tarar da taswirar Nijeriya manne a bangon falo, an soka allura mai jan kai a gabas da Kano. Talatar da ta biyo baya ta tarbe shi da "Sannu da zuwa," ta koyo a waya. Ta gaya wa faston cocinsu. 'Yarta Glory, da ke Baltimore, ta ba da aikin riguna na taron bana, kowacce da sunan Ringim a ƙirji. Abin da ya fi ɗaure wa Sabo kai shi ne kek ya ɓace daga kicin. Tsohuwa ta kama shan magani a kan lokaci, tana ɗaga ƙafa kan matashi yadda ya yi wata bakwai yana roƙonta, wai so take ta warke ta je ta ga garinsu ko da a keken guragu ne. Gyambon ya fara jan nama mai kyau daga gefe. Duk ranar da ya auna shi sai ya ga ya ragu, kuma duk ranar sai gabansa ya ƙara faɗuwa. Ana cikin haka ta sanar da shi cewa shi zai yi jawabi a taron Agusta, a matsayin ɗan uwa daga gida.

Ya ba Lami labari suna cin tuwo, yana ƙoƙarin mai da shi abin dariya. Ba ta taya shi ba.

"Baban Afnan, ka tabbata kuwa?"

"To, tsagar dai iri ɗaya ce."

"Ba shi na tambaye ka ba. Matar nan shekara arba'in tana bin takardu don kada ta faɗi abin da ba ta tabbatar ba, kai kuma ka zo da rana tsaka ka ba ta gari kyauta. Kira Baffa."

Ranar Lahadi da hantsi ya kira, lokacin can gida an yi la'asar. Baffa Tanko ya haura tamanin, kunne ya yi nauyi amma kai garau. Aka gaisa, aka tambayi iyali, da aiki, da damina, da ƙafar Baffa, sannan Sabo ya kwashe labari ya faɗa. Ya ƙare da cewa, "Shi ne na ce mata irin ta Iya ce, tsagar Ringim."

Sai Baffa ya jefo masa tambaya.

"Sabo, wa ya gaya maka tsagar Iya ta Ringim ce?"

"Ai a Ringim na gan ta, Baffa."

"A fuskar mutum nawa?"

Sabo ya lalubo a ransa, bai samo kowa ba sai ita kaɗai.

Baffa ya ce, "Uku a gefen ido, na gan ta a fuskar fatake daga yamma, na gan ta a fuskar mutanen kudu, wani na gado ne, wani na ado, wani kuma yaro ne ya yi ciwon ido aka tsaga masa don magani. Ba wanzamin kirki da zai ji siffa a takarda ya ce ga garin. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, tunda ka tono, bari in gaya maka abin da ba a faɗa muku ba. Iya uwata ce, na fi ka saninta. A rinji aka haife ta, gonar bayi. Uwarta kamo ta aka yi tana yarinya, daga wani wuri can kudu, ita kanta ba ta riƙe sunan garin ba. Abin da ta riƙe shi ne abin da ke fuskarta. Da ta haifi Iya sai ta roƙi wanzami ya duba nata ya yi wa jaririyar irinsa. Shi ke nan tsagar da kake tutiya da ita. Mu ma ba mu san ta ina ba ce."

Sabo ya nemi kujera ya zauna. Shekararsa hamsin da uku, bai taɓa jin wannan ba. Ya tashi yana ganin bauta labarin wasu ne, na mutanen da aka tsallaka teku da su, ashe tana zaune a ƙofar ɗaki tana ba shi ƙanzo. Kunya ta kama shi, da tausayin tsohuwar da bai taɓa tambayarta komai ba sai abinci.

"Ka koma ka gyara maganarka," in ji Baffa. "Ba a yi wa tsoho ƙarya a kan asalinsa, ko da ta alheri ce. Ka gaya mata abin da aska ta sani, ka bar abin da ba ta sani ba."

Faɗa da sauƙi. Sabo ya je Talata da niyyar magana, ya tarar gyambon ya koma kamar kwabo, tsohuwa na murna, ya haɗiye. Ya je Juma'a, ta nuna masa hoton rigar a waya, ya sake haɗiyewa. Tsoronsa a fili yake: ya san marasa lafiya, ya san abin da ke sa tsoho ya kama magani da abin da ke sa ya sake shi. In ya karɓe Ringim, wataƙila kek ya dawo, ciwon ya buɗe, a ƙare da yanke ƙafa. In ya bar ta, zai tsaya gaban mutum sittin a harabar coci ya ɗora musu asalin da ya ƙirƙira don wasa, su kuma su gaya wa jikokinsu. Lami kuwa, duk ranar da ya dawo daga kudu takan dube shi, ya sunkuyar da kai.

Saura mako biyu taro ya yanke shawara. Ya isa da safe, ya wanke hannu, ya sa safar roba, ya kwance bandeji, ya wanke ciwon tsaf. Sai da ya rufe shi da auduga sannan ya ce, "Mis Becky, na yi miki laifi, kuma na daɗe ina jan ƙafa kafin in faɗa."

Ya gaya mata duka, bai rage ba. Ya ce maganar Ringim wasa ce irin ta mutanensu, bai da hujja ko ɗaya. Ya faɗi abin da Baffa ya ce game da tsagar, ya faɗi na Iya Delu da uwarta da rinji. Wannan shi ne karo na farko da ya faɗi labarin da bakinsa.

Tsohuwa ta cire tabarau ta ninke. Ta daɗe tana kallon taswirar bango.

"Ka ba ni gari ka karɓe," ta ce.

"Haka ne."

"Na gaya wa fasto. Na gaya wa jikokina. Ni da ban taɓa faɗin abin da ba ni da takardarsa ba, na tashi a coci na faɗa, saboda na yarda da kai."

"Ki yafe ni. Ba ni da abin cewa."

"A'a, kana da shi. Bakinka bai taɓa rasa abin cewa ba." Ta juyo ta kafe shi da ido. "Yanzu gaya mini abin da ka sani, ba abin da kake so in ji ba. In ka ƙara ko ƙwaya ɗaya zan sa a canza mini nas."

Sabo ya auna maganarsa, abin da bai saba ba. Ya ce bai san garin Dinah ba, bai san yarenta ba, bai ma san ko 'ya ce ko baiwa a can inda aka haife ta ba. Amma tabo shida ƙanana, tsawonsu ɗaya, uku nan uku can, kusa da ido ba tare da an taɓa idon ba, wannan hannun gwani ne, kuma sai an riƙe kan a hankali ake iya yi. A saninsa da ƙuruciya ake yin irinsa, ko don a san dangin yarinya, ko don a yi mata ado, ko don tana ciwo ana nema mata sauƙi. Cikin ukun nan bai san wanne ba ne. Abin da zai iya dafa Alƙur'ani a kai shi ne babu na ƙiyayya a cikinsu.

"Nuna mini wurin," in ji ta.

Ya cire safar hannun. Ya sa ɗan yatsa a gefen idonta na dama, ya ja gajeren layi, ya ja na biyu a ƙasansa, ya ja na uku. Ya zagaya hagu ya yi haka. Ta rufe ido, ba ta motsa ba.

"Wa ke riƙe jaririyar?" ta tambaya.

"A wurinmu gwaggo ce, ko kaka. Takan zauna a tabarma ta ɗora jaririyar a cinya, ta tallafe kan da tafin hannu biyu. Uwar ba ta iya kallo, tana daga ɗaki."

"Ta yi kuka?"

"Sosai. Kowane jariri yana yi."

"Sai kuma me?"

"Sai a goge, a shafa magani, a miƙa wa uwar da sauri ta ba ta nono. Kafin wanzami ya gama wanke askarsa ta yi barci."

Mis Becky ta buɗe ido. Hawaye ya bi ta inda yatsansa ya wuce, ba ta share ba.

"Shekara arba'in ina ganin yarinyar nan ita kaɗai a hannun ubangidan nan," ta ce. "Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wanda ya rarrashe ta ba."

Ta ja numfashi, ta mayar da tabarau, ta koma Mis Becky da ya sani. Ta ce Glory za ta yi faɗa a kan riguna, wannan kuma shi zai kira ta da kansa ya sha nasa. Jawabi kuwa yana nan, ba ta sauke shi ba. Zai tsaya ya faɗi abin da ya faɗa yanzu, ba ƙari, sannan ya ba su labarin kakarsa da uwarta, da sunan duk wanda ya sani a cikinsu. Sabo ya ce bai san sunan uwar Iya Delu ba.

"To baffanka na da rai, ko? Kira shi yau, kada ka jira. Ni duk waɗanda zan tambaya sun mutu kafin in yi hankali." Ta turo masa ƙafar da ke kan matashi. "Naɗe mini abin nan da kyau. Ranar taro da ƙafata nake so in tsaya, don bana zan karanta takardar tun daga farko har ƙarshe."